Wasa ƙwaƙwalwa a tsakiyar D&D: yana ƙara armashi ne ko kashe zama yake yi?

Jagoran Asabar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a kujerar jagora. Muna buga D&D bugu na biyar (Dungeons and Dragons ke nan, wasan tebur da jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa kuma yana taka jarumi ɗaya), 'yan wasa huɗu, kuma na lura zamanmu ya koma abu guda: a shiga ɗaki, a jefa dayis, a kashe dodo, a kwashe dukiya, a wuce ɗaki na gaba. Ina so in sa musu abin da zai motsa ƙwaƙwalwa, ko kacici-kacici a bakin ƙofa, ko wani ƙaramin wasa da za a buga da hannu a kan teburin. Abin da ke riƙe ni shi ne tsoron kada in kawo abin da zai tsayar da labarin cak, mutane su zauna suna kallon juna. Zama mai zuwa za su shiga kabarin wani tsohon sarki. Me kuke sakawa, me kuma kuka daina sakawa?

Ɓarawon Kogo:
Wa alaikumus salam. Tun kafin masu son abin su cika wurin bari in faɗi nawa: kada ka saka. Ni na zo ne in taka jarumina, ban zo jarrabawa ba. Idan jarumina masani ne mai maki 18 a basira, me ya sa ni da na wuni wurin aiki kaina ya yi zafi zan zauna warware masa lissafi? Mai taka jarumi ƙaƙƙarfa ai ba a ce masa ya tashi ya ɗaga kujera da hannu ɗaya kafin jaruminsa ya ɓalla ƙofa. Dayis yake jefawa. To ni ma a bar ni in jefa.

Uwar Dodanni:
Ɓarawo, kullum da wannan maganar kake zuwa, kuma kullum rabinta ce gaskiya. Idan haka ne, in an zo faɗa ma sai ka jefa dayis ɗaya a ce an ci ko an faɗi. Amma ba haka kake yi ba. Kai kake zaɓar inda za ka tsaya, wa za ka fara kai wa sara, yaushe za ka sha magani, yaushe za ka gudu. Duk wannan kanka ne yake aiki, ba na jarumin ba. Wasan tun asalinsa haɗaka ne tsakanin abin da ke rubuce a takardar jarumi da abin da ke kan ɗan wasa.

Malam Jagora, ni ina sakawa, kuma ƙa'idata ɗaya ce. Kafin in rubuta wasa ƙwaƙwalwar, sai na fara rubuta abin da zai faru idan sun kasa. In amsar ita ce "ba abin da zai faru, za su ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa", to na yaga takardar. Dole rashin warwarewa ya haifar da wani abu: ƙofar ta buɗe amma ƙararrawa ta kaɗa, ko su bi doguwar hanya mai haɗari, ko su samu rabin dukiyar, ko mai gadin ya farka. Labari ya motsa ko ta halin ƙaƙa.

Baba Na Tebur:
Maganar Hajiya ta tuna mini White Plume Mountain, shiryayyen labarin wasan nan wanda Lawrence Schick ya rubuta, kamfanin TSR ya fitar a 1979. Akwai ɗaki a ciki mai gumakan tsoka guda biyar, kowanne da lamba a jikinsa: 5, 7, 9, 11, 13. Sai a ce wa 'yan wasa ɗaya daga cikinsu bare ne, su nuna shi, an ba su minti ɗaya. Amsar ita ce 9, domin sauran huɗun ba lambar da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, shi kuwa 9 uku sau uku ne. In sun dace, gunkin ya koma yi musu hidima. In sun kuskure, faɗa ya kaure. Ku lura da abubuwan da ke cikin wannan ɗan ɗakin. Lokaci a ƙayyade yake, ba wanda zai yi rabin awa yana susar kai. Zaɓi biyar ne kawai, ko wanda bai san lissafi ba zai iya yin canke. Kuma kowace amsa tana kai ka wani wuri. Shekara sama da arba'in ke nan, har yau in ina koya wa sabon jagora da shi nake farawa.

Ɓarawon Kogo:
Baba, tunda ka je 1979 sai ka ƙara taku ɗaya baya ka faɗa musu Tomb of Horrors na 1978. Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan nan, da kansa ya rubuta shi, tun don taron 'yan wasa na Origins na 1975, domin ya gwada 'yan wasan da ke cika baki. Fuskar koren shaiɗanin nan da ke jikin bango, bakinta a wangame baƙi ƙirin, wanda ya shiga ciki ya shafe ke nan, ba gawa ba labari. Wannan shi ne irin wasa ƙwaƙwalwar da nake gudu: jagora ya ɓoye amsa a cikinsa, kai kuma ka biya da jarumin da ka yi wata da watanni kana renonsa.

Baba Na Tebur:
Ban musa ba. Amma ka tuna don gasa aka yi shi, da jarumai na aro waɗanda ba wanda zai yi kukan rashinsu. Laifin na jagoran da zai ɗauko shi ya jefa a tsakiyar dogon labari ne ba tare da ya gargaɗi mutanensa ba.

Sabuwar Shiga:
Don Allah ku yi haƙuri da tambayar ƙaramar cikinku. Ni kacici-kacicin masu gadi biyu na shirya, ɗaya kullum gaskiya yake faɗa, ɗaya kullum ƙarya, ƙofa biyu, da tambaya ɗaya za a gano wadda za a bi. Yana da kyau in fara da shi?

Malam Lissafi:
Ƙanwata, ki ajiye shi. Matsalarsa mutanen teburinki kashi biyu ne. Wanda ya taɓa jin sa zai amsa kafin ki rufe baki: a tambayi ɗaya daga ciki wace ƙofa ɗan uwansa zai nuna, sannan a bi ɗayar. Wanda bai taɓa ji ba kuma da wuya ya ƙirƙiro wannan a zaune, mutane na kallonsa. Ko dai a gama cikin daƙiƙa goma, ko a maƙale. Ba tsakiya. Abin da kike so shi ne wanda ake matsowa kusa da amsarsa a hankali, kowane gwaji ya ƙara musu haske.

Shi ya sa na fi son tsarin Mastermind, wasan da Mordecai Meirowitz ya ƙirƙiro a 1970. Gurbi huɗu, launi shida. Jagora ya ɓoye jerin launuka, 'yan wasa su gwada, shi kuma ya faɗa musu nawa ne suka dace da launi da gurbi, nawa ne launin daidai amma gurbin ba nan ba ne. In an yarda launi ya maimaitu, jerin da zai yiwu 1296 ne, wato 6 sau 6 sau 6 sau 6. Masanin kwamfuta Donald Knuth ya nuna cewa da dabarar da ta dace ba za a wuce gwaji biyar ba. Mutane a tebur ba kwamfuta ba ne, don haka ni takwas nake ba su. A cikin labari sai ya zama kwadon taskar sarki mai duwatsu huɗu masu launi. Duk gwajin da bai dace ba, ruwa ya ƙara hawa a ɗakin.

Ga kuma amsar ƙorafin Ɓarawo a ciki. Jarumin da ya ƙware a buɗe kwado ya jefa dayis kafin a fara. In ya ci, ko a ƙara musu gwaji biyu, ko a buɗe musu gurbi ɗaya kyauta. Gurbi ɗaya da aka sani yana sauko da 1296 zuwa 216. Ka ga takardar jarumi ta yi aikinta, kan ɗan wasa ma ya yi nasa.

Ɓarawon Kogo:
Wannan kam zan iya zama a kai. Ba don ina son launuka ba, don dai makin da na zuba a buɗe kwado bai tafi a banza ba.

Uwar Dodanni:
Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ma haka ya bi. Akwai sashen wasa ƙwaƙwalwa a ciki, kowanne an jera masa satar amsar da jarumi zai samu idan ya ci jifar wata ƙwarewa. Sai dai ni ina da ja a kan rataya satar amsa a wuyan dayis gaba ɗaya. Malam Lissafi zai gyara mini in na kauce: idan ana neman 15 a dayis mai fuska 20, jarumin yana da ƙarin 2, sai ya samu 13 zuwa sama, wato fuska 8 cikin 20. Sau shida cikin goma zai faɗi. To idan wannan satar amsar ita ce kaɗai hanyar gane abin, ka miƙa zamanka gaba ɗaya ga sa'a.

Malam Lissafi:
Lissafinki daidai ne, Hajiya. Ko mutum uku ne suka jefa da irin wannan ƙarin, yiwuwar dukansu su faɗi ya haura kashi 21 cikin ɗari. Zama ɗaya cikin biyar ke nan zai mutu a bakin ƙofa.

Mai Bincike:
Masu rubuta wasannin bincike sun daɗe da cin karo da wannan. Robin Laws ya gina tsarin GUMSHOE a kan abu ɗaya: alamar da labari ba zai tafi ba sai da ita ba a jefa mata dayis. In jarumin yana da ƙwarewar kuma ya duba wurin da ya dace, ya samu, shi ke nan. Aikin 'yan wasa shi ne su fassara abin da suka samu. Justin Alexander kuma a 2008 ya rubuta ƙa'idarsa ta alamu uku: duk abin da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye masa aƙalla alama uku, domin ta farko ba za su gan ta ba, ta biyu za su yi banza da ita, ta uku ma wataƙila su juya mata ma'ana.

Malam Jagora, a kabarin sarkinka ga yadda zan yi. A ce ƙofar ciki tana buɗewa ne idan an taɓa gumakan dabbobi huɗu bi da bi yadda ya kamata. Jerin ya fito a zanen bangon zauren farko, inda aka zana sarkin yana farautar dabbobin ɗaya bayan ɗaya. Ya sake fitowa a waƙar makokin da aka sassaƙa a jikin akwatin gawar wazirinsa. Sannan ga ƙasusuwan wani ɓarawo da ya riga su zuwa, da 'yar takarda a jakarsa, ya gwada jeri biyu ya soke su. Ko ɗaya suka gani za su iya farawa. In suka ga duka ukun, za su ji daɗin cewa su suka haɗa.

Jagoran Asabar:
Wannan na ɓarawon da ya mutu ya burge ni. Yana ma nuna musu cewa kuskure na da farashi ba sai na faɗa da bakina ba.

Mai Bincike:
Kuma ka rubuta takardar da hannunka ka miƙa musu. Gani ya kori ji. Abin da ka karanta musu da baki, kafin ka kai ƙarshe sun manta farkon, sai su yi ta cewa "maimaita mana". Amma takarda a hannu za ta zaga teburin, wani ya juya ta, wani ya ɗaga ta sama ya duba ko akwai rubutu a baya. Masu buga wasan bincike na Call of Cthulhu sun san wannan tun da daɗewa, labarinsu na Masks of Nyarlathotep na 1984 cike yake da wasiƙu da yankan jarida da ake miƙa wa 'yan wasa. In kana son rubutun sirri, kada ka wuce irin na Kaisar, wanda ake matsar da kowane harafi gaba da taki uku. Kuma saƙon ya zama gajere, layi ɗaya ko biyu. Daɗin yana wurin gano dabarar. Bayan an gano, sauran aikin kwafi ne, in ya yi tsawo mutum ɗaya ne zai duƙa a kai sauran su ɗauko wayoyinsu.

Malam Lissafi:
Wannan cutar ta mutum ɗaya ita ce ta sa na daina kawo Hasumiyar Hanoi, wadda Édouard Lucas ya fitar a 1883, inda ake kwashe faifai ɗaya-ɗaya daga wani turke zuwa wani ba tare da an ɗora babba a kan ƙarami ba. Faifai uku motsi 7 ne, faifai biyar motsi 31, faifai bakwai motsi 127. Da zarar ɗaya ya kama tsarin, sauran uku sun zama 'yan kallo.

Uwar Dodanni:
Maganinta shi ne ka raba bayanin. Kada ka ajiye takarda ɗaya a tsakiya. Ka ba mai sihiri abin da ya karanta a jikin bango, ka ba mayaƙi abin da ya gani a ƙasan ɗakin, mai addu'a kuma ya san tarihin sarkin. Ba wanda zai iya shi kaɗai, dole su yi magana. Ko kuma ka haɗa shi da faɗa: biyu suna tare ƙofa ƙwarangwal na turowa, biyu suna juya duwatsun kwado, gwaji ɗaya a kowane zagaye. A nan Ɓarawo ma ba zai yi hamma ba, sai ya je ya yi saransa.

Ɓarawon Kogo:
Hajiya kin gane ni. A ba ni wuƙa, a bar wa malamai duwatsu.

Ɗan Karta:
Kun daɗe a kan kacici-kacici, an bar rabin tambayar Malam Jagora, wato ƙananan wasanni. Ni nan na fi ƙarfi. Wanda bai taɓa ba ni kunya ba shi ne wasan ƙaryar dayis. Kowa na da dayis biyar a ƙarƙashin kofi, ya leƙa nasa shi kaɗai. Na farko ya ce, misali, "akwai masu huɗu guda uku a teburin nan gaba ɗaya". Na gaba ko ya ƙara a kan haka, ko ya ce ƙarya ne. In an ƙaryata sai kowa ya ɗaga kofinsa a ƙirga, wanda ya faɗi ya rasa dayis ɗaya. Minti biyu an koya. Abin da ya sa ya dace da wasanmu shi ne ana buga shi da baki da ido, don haka kowa yana cikin jaruminsa. A ce da kyaftin ɗin jirgin 'yan fashi suke bugawa, yana zolayarsu, su kuma suna neman su karanta fuskarsa.

Sharaɗina shi ne abin da aka ɗora a kai ya shafi labarin. Ba kuɗin gaske, wannan ba ma maganarsa ake ba, kuma ko zinaren cikin labari ba ya motsa kowa in sun riga sun tara da yawa. A ɗora taswira. A ɗora sunan wanda ya ci amanarsu. A ɗora 'yancin ɗan uwansu da ke ɗaure a ƙasan jirgin. In kuma ɓarawon cikinsu ya ce zai yi maguɗi, ya jefa ƙwarewar saurin hannu: in ya ci ya sake jefa dayis ɗaya a ɓoye, in ya faɗi an kama shi, teburi ya kife.

Sabuwar Shiga:
Yaya, Three-Dragon Ante fa? Na ga ana cewa shi ne kartar da ake bugawa a cikin duniyar D&D.

Ɗan Karta:
Haka ne, Rob Heinsoo ya tsara shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2005. Wasa ne mai kyau, amma cikakken wasa ne mai zaman kansa. In kika ɗauko shi a tsakiyar zama, kafin a koya a buga a gama, yammacin ya tafi, an manta da sarki da kabarinsa. In za ki saka shi, zagaye ɗaya ko biyu, ko ki ware masa rana. Ni ma'aunina kwata ɗin awa. Ƙaramin wasan da ya wuce haka ya daina zama ƙarami.

Baba Na Tebur:
Akwai wani amfanin karta da ba a ambata ba, wanda ba gasa ba ne. A Ravenloft na 1983, na Tracy da Laura Hickman, wata tsohuwa a cikin labarin, Madam Eva, tana buɗe wa jarumai karta, kuma abin da ya fito shi ke yanke inda aka ɓoye kayan da za su yaƙi Strahd, mugun labarin mai shan jini, da su. Curse of Strahd na 2016 ya dawo da shi da kati 54 na Tarokka: ana jan biyar, uku su nuna wuraren kaya ukun, ɗaya ya nuna wanda zai taimake su, ɗaya kuma inda za su yi karon ƙarshe. 'Yan wasa ba sa cin komai ba sa faɗuwa, amma duk teburin yakan yi tsit lokacin da ake juya katin, saboda sun san abin da ya fito zai bi su har ƙarshen labarin. Wasan Deadlands na 1996 ma ya sa masu sihirinsa jan karta su haɗa jerin kati irin na wasan foka kafin sihirin ya ci. A can kartar ta dace da duniyar kaboyi da aka gina wasan a kai. Abin lura ke nan: kayan wasan su yi kama da duniyar da ake ciki.

Uwar Dodanni:
Baba ya kawo mu kan Dread. A wannan wasan ba dayis sam, hasumiyar Jenga ce mai katako 54. Duk abin da jaruminka zai yi mai wuya, sai ka zaro katako ɗaya ka ɗora a sama. Hasumiya ta rushe a hannunka, jaruminka ya fita daga labarin, galibi mutuwa. Kana ma iya ture ta da gangan, jaruminka ya cim ma abin da yake so ya tafi da ransa a kai. Na aro wannan sau da dama don yanayi ɗaya tak a D&D, kamar tsallaka gadar igiya da ta ruɓe. Ba na kashe kowa da ita, in ta rushe gadar ce ta tsinke, sai a shiga neman ceto. Numfashin mutane har ji kake yana tsayawa in hannu ya kusanci katakon ƙasa.

Amma a duba teburin kafin a kawo ta. Mai rawar hannu, ko wanda idonsa ba ya gani sosai, ka zalunce shi in ka rataya ran jaruminsa a kan yatsunsa. Haka launukan Malam Lissafi: akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore, sai a sa alama ko lamba a jikin kowane dutse. Masu buga wasa ta intanet kuma hasumiya ba ta taso ba.

Ɓarawon Kogo:
To kun ga kun dawo kan maganata ta wata ƙofar. Hannun ɗan wasa ba hannun jarumi ba ne. In kun yarda da wannan a kan yatsu, me ya sa ba za ku yarda da shi a kan ƙwaƙwalwa ba? Akwai wanda kacici-kacici ke sa shi jin kunya a gaban abokansa, ya yi shiru har a tashi, mako na gaba ya ce yana da uzuri.

Mai Bincike:
Wannan gaskiya ce, kuma ba na jin akwai dabarar da za ta share ta gaba ɗaya. Abin da za a iya shi ne kada jagora ya nuna mutum ɗaya ya ce "kai ne mai basira, amsa mana". Tambayar ta teburi ce duka. In wani ya gano, a cikin labari ana iya cewa jarumin masanin ne ya furta. Ga wanda kuma teburinsa duk irin Ɓarawo ne, akwai hanyar da ba ta neman kowa ya warware komai da kansa. D&D bugu na huɗu a 2008 ya zo da ƙalubalen ƙwarewa, a tara nasara kaza kafin faɗuwa kaza. Blades in the Dark na John Harper, 2017, yana da agogo: da'ira da aka yanka gida 4, 6 ko 8, ana cike gidajen yayin da aiki ke ci gaba ko haɗari ke matsowa. Sai ka zana biyu, ɗaya na buɗe ƙofa, ɗaya na isowar masu gadi. Kowa ya faɗi abin da jaruminsa ke yi, ya jefa. Wasa ƙwaƙwalwar tana nan a cikin labari, jarumai ne ke warware ta.

Baba Na Tebur:
Ni a wurina wannan ba ta da ɗanɗano, domin ba wanda zai buga tebur ya ce "na gano!". Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sabuwar Shiga:
Tambaya ta ƙarshe. In suka kawo amsar da ba ita na rubuta ba, amma tana da ma'ana, in karɓa?

Uwar Dodanni:
Ki karɓa. Kacici-kacici da yawa suna ɗaukar amsa fiye da ɗaya, ke ce dai ɗaya ta zo miki lokacin da kike rubutawa. In tasu ta cika duk sharuɗɗan da kika faɗa, ƙofa ta buɗe. Haka in suka ce za su fasa bangon, ko su haƙa ta ƙasa, ko su tambayi ruhin wazirin da sihiri. Ki sa masa farashi, ƙara ko lokaci ko sihirin da ya ƙare, amma kada ki ce bango ba ya fasuwa don kawai kin sha wahalar shirya kacici-kacicin.

Malam Lissafi:
A nan na ɗan saɓa da Hajiya. Kacici-kacicin baki, na yarda. Amma akwai jagororin da ba sa shirya amsa ko kaɗan, sai su bari mutane su yi ta gwaji, in sun ga an gaji su ce "ta buɗe". Ranar da 'yan wasa suka gane haka kake yi, ba za su ƙara sa kansu a wani wasa ƙwaƙwalwarka ba, za su yi ta taɓe-taɓe ne suna jiran ka gaji. Amsa ta gaskiya ta kasance a rubuce. Karɓar wata amsar mai kyau daban, rashin amsa daban.

Uwar Dodanni:
Ban ce kada a rubuta ba, Malam. Cewa na yi kada a bauta mata.

Jagoran Asabar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan gwada a kabarin: kwadon duwatsu huɗu a ƙofar taska, ruwa na hawa, gwaji takwas, zanen bango da takardar mataccen ɓarawo su ba su launi ɗaya ko biyu. In gwajin ya ƙare ba su dace ba, ruwan ya ɓalla ƙasan ɗakin ya zuba su a hawa na ƙasa, inda dama ban so su fara shiga ba sai sun huta. Abu ɗaya ya rage mini: a cikin mutanena ba wanda ya taɓa buga Mastermind. Takwas ɗin ba ta yi kaɗan ba?

Malam Lissafi:
Ga sababbi, ka hana launi maimaituwa kuma ka faɗa musu haka tun farko. Jerin zai sauko daga 1296 zuwa 360, wato 6 sau 5 sau 4 sau 3. In takardar ɓarawon ta tabbatar musu da gurbi ɗaya, saura 60. Da wannan takwas ta isa har da ragi, kana ma iya mai da ita shida in kana so ruwan ya kai musu wuya. Ka gwada shi da wani a gida kafin ranar, kana riƙe da agogo. Kuma ka rubuta jerin a takarda ka kife ta a gabansu tun kafin a fara, don in an gama ka buɗe su gani.

Ɓarawon Kogo:
Ka kuma duba takardun jarumansu tukuna, Malam Jagora. In akwai mai sihirin numfashi a cikin ruwa, duk wannan hawan ruwan naka wanka ne kawai za su yi.

Jagoran Asabar:
Akwai kuwa, mai sihirinmu ta ɗauke shi a matakin da ya wuce. Bari in mai da shi yashi.